Muryar Hajjo, Ba Fuskarta

Baba Hamman bai taɓa shiga aji ba, kuma ba ya ɓoyewa. Shekara arba'in yana dillancin shanu a kasuwar Mubi, ya ce babu saniyar da ta taɓa ɓoye masa shekarunta. Shekarar da aka fashe daga gari, shi da matarsa Hajjo da ƙafa suka taka har iyakar Kamaru. Kafin su fita ya cusa talabijin ɗinsa ƙarƙashin buhunan gyaɗa. Da suka dawo an kwashe katifa, an kwashe tukwane, amma talabijin yana nan. Ya jona, ya kawo tas.

"Ni da shi ba ma mutuwa," haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya sauraro.

Hajjo ce ta mutu. Ta je Kaduna wajen 'yarsu Na'ima don ganin likita, can ta cika, aka binne ta kafin motarsa ta isa Gombe. Wata bakwai ke nan. Hotonta ɗaya ne a gidan, na katin zaɓe, shi ma da yanar da ta rufe masa ido inuwa kawai yake gani. Sai ga Na'ima ta aiko da filash ta hannun wani direba, ta ce bidiyon Inna ne, ta ɗauka da sabuwar wayarta mako guda kafin rasuwar.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Ya kira maƙwabtansa biyu, Lawali mai shayi da Timothy tsohon direban tirela, ya shimfiɗa musu tabarma.

"Ku zauna ku ga aiki. Wannan akwatin ya ga abin da ku ba ku gani ba."

Ya soka filash a bayan talabijin, ya danna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Sai murya ta fito, muryar Hajjo, da 'yar dariyarta ta hanci: "Ki ɗauke ni da kyau, Na'ima. Babanku zai ce shi ya saya mini wannan atamfar."

Hoto bai zo ba. Ya kashe, ya kunna. Ya hure bakin filash. Ya ɗan mari gefen talabijin. Baƙi dai.

"Hamman, abokin naka ya riga ka makancewa," in ji Lawali.

Timothy ya zungure shi da gwiwa. Suka ɗan zauna, sannan Lawali ya tuna ruwan shayinsa, Timothy ya raka shi. Baba Hamman ya saura shi kaɗai da baƙin allo. Sau huɗu ya maimaita kafin a ɗauke wuta. Wace atamfar? Shuɗiyar da ya saya ran babbar Sallah, ko mai ganyen nan? Ta rame ne? Ba wanda zai tambaya a gidan sai kaji.

Da safe ya hau Keke Napep zuwa shagon Purity, wata yarinyar Michika da ke haɗa bidiyon biki kusa da makarantar Poli. Ya ajiye mata filash a kan tebur kamar mai kawo ƙara.

"'Yata, an aiko mini da lalataccen kaya."

Ta soka a kwamfuta. Manhajar da take aiki da ita ta ƙi buɗewa. Ta duba, ta yi tsaki.

"Baba, kayanka lafiya lau. Sabbin wayoyi ne suke matse hoto su ƙulle shi da wani sabon ƙulli, H.265 ake ce masa, don kada ya ci wuri. Talabijin ɗinka tsohon ƙullin kawai ya iya kwancewa. Ka ga ni ma tawa manhajar ta ƙi."

"Talabijin ɗina ya kwana wata biyar ƙarƙashin gyaɗa bai yi tari ba."

"Na yarda, Baba. Amma lokacin da aka ƙera shi ba a fara wannan ƙullin ba. Ka duba a wayata, tana buɗewa."

Ya karɓa, ya kai har bakin hancinsa. Wani abu shuɗi-shuɗi yana motsi, kamar a ƙarƙashin ruwa. Ya mayar mata.

"Ba na kallon matata a tafin hannu."

Purity ta dube shi. Sannan ta ture aikin bikin da ke gabanta, ta buɗe wata manhajar ta daban. Ta ce za ta kwance ƙullin ta sake ɗaure shi irin na da, amma kwamfutarta tsohuwa ce, zai jira. Ya zauna a benci. Ya ba ta labarin yadda ya goya Hajjo suka ƙetare kogi da ruwa har ƙirji, Purity kuwa rabin kunnenta yana wajen masu zuwa bugun takarda. Can ya lura ba mai ji, ya koma kallon koren layin da ke rarrafe a allo har aka kira azahar.

Ya koma gida da filash ɗin. Wannan karon bai gayyaci kowa ba. Ya rufe ƙofa, ya jira wuta har wajen ƙarfe huɗu. Ya soka, ya danna.

Hoto ya zo. Amma Hajjo a kwance take, kanta wajen taga, ƙafafunta wajen ƙofa, don Na'ima a tsaye ta riƙe wayar, tsohon talabijin kuwa bai san juyawa ba. Ya karkata wuya har ya yi masa zafi. Sai ya miƙe, ya rungumi talabijin ɗin, ya kwantar da shi a gefensa, ya tokare da buhun masara.

Hajjo ta zauna daidai. Ta cika allon tun daga sama har ƙasa. Ya jawo kujera har gwiwarsa ta taɓa tebur. Ta rame, sosai ma. Atamfar shuɗiya ce.

"Ni na saya," ya ce da ƙarfi. "Ni na saya mana."

Ya waiwaya don ya ga wanda zai gaya wa yadda ya gyara abin da ya gagari 'yan boko. Tabarma ce kawai a naɗe jikin bango. Ya juyo, ya sake dannawa daga farko.