Doyar da Ke Kafaɗar Hannah

Ranar da Ladan ya fara magana da Hannah, kuskure ya tafka, irin wanda bai kamata ɗan Minna ya yi ba. A shekarar 1984 ne, yana aji huɗu a sakandare. Duk Asabar yakan kwashi littattafansa ya bar hayaniyar shagon gyaran keken babansa a Tudun Fulani, ya tafi gindin wata ɗorawa da ke bakin rafi a bayan unguwa, wai karatu. Ta nan hanyar ƙafa ta ratsa, wadda matan Gbagyi, ko Gwari yadda bakinmu ya saba, suke biyowa da doya daga ƙauyukan bayan dutse zuwa kasuwa.

Ran nan ya tarar da wata yarinya ta sauke ƙatuwar ƙwarya cike da doya tana hutawa. Da ta tashi tafiya ta roƙe shi ya taya ta ɗauka. Ladan sarkin zumuɗi ya zabura ya ciccibi ƙwaryar ya nufi kanta da ita. Yarinya ta goce, doya uku suka gangara cikin ciyawa.

"Kai bako ne a garin nan?" in ji ta, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ruwanta da namiji ko mace. "Mu ba ya dora kaya a kai. Kai yana da nasa aiki, shi ne yake yi wa mutum tunani. Kafada ne na kaya."

Kunya ta rufe Ladan. Tun yana yaro yake ganin matan nan da kaya a kafaɗa, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya tsince doyar, ya ɗora mata inda ta nuna, ta tafi tana dariya har ta sha kwana.

Daga ranar karatun Asabar ya zama suna kawai. Rana na take tsaka Hannah za ta ɓullo daga ƙetaren rafi, ta cire takalman robanta ta ratsa ruwa, shi kuwa ya riga ya miƙe yana jira ya sauke mata. Sukan zauna ƙwaryar na tsakaninsu. Yana gyara mata Hausa, tana ce masa ai ya gane, me kuma yake so. Idan azahar ta yi ya ta da salla, takan yi shiru har ya sallame. Ba wanda ya taɓa furta kalmar so a cikinsu, amma Ladan ya san yana son ta, son da har yakan ba shi tsoro, domin ya san abin da za a ce a gidansu da gidan su Hannah.

Cikin watan Agusta aka kwana biyu ana ruwa. Asabar ɗin Ladan ya zo ya ga rafi ya cika ya yi ja, ya ce a ransa yau ba mai hankalin da zai ƙetare, ya koma gida. Hannah kuwa ta zo. Sauran matan sun juya daga bakin ruwa, ita ta ce akwai mai jiran ta. Washegari aka tsinci gawarta can ƙasa, ta maƙale a saiwar wani itace. Ƙwaryar ba a gan ta ba.

A bakin masu kawo gyaran keke Ladan ya ji labarin. Bai je jana'iza ba, don bai san da wane suna zai gabatar da kansa ba. Ya yi kukansa a bayan shago, ya wanke fuska, ya ci gaba da miƙa wa babansa sifana.

Asabar ta uku ƙafarsa ta kai shi gindin ɗorawa. Rana tsaka, ko iska ba ta motsi, sai ga Hannah tana ratso rafi. Zanenta na ɗigar da ruwa, ƙwarya na kafaɗarta ta hagu cike da sabuwar doya. Ladan ya ja baya da sauri. Ya yi a'uziyya, ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ba ta ɓace ba. Tsayawa ta yi shiru har ya gama, yadda ta saba yi idan yana salla, kuma wannan ne ya tabbatar masa ita ce.

"Ladan, sauke mini," in ji ta. "Tun ranar nan yana kafada na. Ni ba ya iya saukewa da kaina."

Ya miƙa hannu. Ta ɗan ja da baya.

"Bari in fada maka gaskiya tukuna. In ka sauke, ni zai tafi ke nan. Ba zai kara zuwa ba."

Hannun Ladan ya tsaya a sama, sannan ya koma aljihu. Ya ce mata ta bari sai Asabar mai zuwa. Ta ce to. Suka yi hira a tsaye, ita da kayanta, har inuwar ɗorawa ta fara karkata, ta juya ta koma ta cikin ruwa.

Ni dai ba zan wanke Ladan ba, amma ba zan iya jifan sa ba. Yaro ne da aka dawo masa da abin da ya rasa, aka ce kuma da hannunsa zai mayar. Asabar ta zo ya ce sai ta gaba, ta gaban ma haka. Kullum sai ta roƙa sau ɗaya, in ya ƙi ba ta ƙara tayar da maganar. Ya riƙa ba ta labarin makaranta da na jarrabawa, tana murmushi. Ya ga kafaɗarta ta hagu tana ƙara yin ƙasa, wuyanta ya karkace, dariyarta ta koma gajera, amma ya koya wa idonsa tsayawa a fuskarta kaɗai. Damina ta wuce, rafi ya janye har yara na tsallake shi, zanen Hannah bai daina ɗiga ba.

Wata Laraba aka aike shi kasuwa sayen tayar keke. A layin masu doya wata mata ta kira shi da hannu. Ya gane ta tun kafin ta yi magana, don goshinta da na Hannah ɗaya ne. Margaret ce, mahaifiyarta.

"Kai ne yaron gindin dorawa," in ji ta, da irin Hausar Hannah. "Ya sha ba ni labarinka."

Ladan ya durƙusa ya ce, "Mama, ya haƙuri?" Ya ji kunyar gaisuwar da ta makara wata uku.

"Hakuri sai mu gode Allah. Abu daya ne yake hana ni barci, dana. Kullum ina ganin shi a mafarki, yana ce mini, Mama, kafada na yana ciwo. Mun yi addu'a a coci, mun yi na gida. Ban san wane kaya ne ya rage masa ba."

Ta share ido da gefen zane, ta zaɓi doya ɗaya ta ba shi, ta ce ya kai gida. Ladan ya karɓa da hannu biyu. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar a wannan lokacin ba.

Ran Asabar ya zo babu littafi. Da Hannah ta iso, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Bai jira ta roƙa ba.

"Ranar nan na zo," in ji shi. "Na ga ruwa, na koma. Da na tsaya, da na ɗaga miki hannu ki juya."

"Na sani. Ba kai ne ka tura ni ba."

"Kuma na bar ki da kaya wata uku don son kaina. Ki yafe mini, Hannah. Ina son ki ne."

"Shi ma na sani," in ji ta. "Ni ma shi ya sa ban matsa maka ba."

Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin ƙwaryar. Sanyinta ya ratsa shi har ƙashi, nauyinta kuwa sai da gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya sauke ta ƙasa a hankali. Hannah ta miƙe sambal, ta murza kafaɗa, ta ja dogon numfashi, ta yi dariyar nan tata ta ranar farko.

"Ka kai wa Mama. Kar ka dora a kai fa."

Ya sunkuya ya gyara wata doya da ke shirin faɗuwa. Da ya ɗago, ba kowa a wurin sai danshi a ƙasa inda ta tsaya, shi ma rana na shanye shi.

Ladan ya daɗe a zaune. Sannan ya ciccibi ƙwaryar ya ɗora a kafaɗarsa ta hagu, ya ƙetare rafi, ya kama hanyar da bai taɓa bi ba yana tambaya. Manoma suka riƙa tsayawa suna kallon ɗan Hausawa da kaya a kafaɗa, ba wanda ya yi dariya. La'asar ta yi kafin ya isa.

Margaret na tsakar gida tana shanyar dawa. Ta dubi ƙwaryar, ta ga ɗinkin da ita da kanta ta yi wa bakinta inda ya taɓa tsagewa.

"Ta sauke, Mama," in ji Ladan.

Matar ta miƙe tsaye. Ta kakkaɓe hannuwanta, ta matso, ta sauke masa.