Kujerar da Ta Fi Rigarta Girma

Da mahaifina ya rasu ya bar mini shagon kujeru, ya haɗa mini da dattawa biyu da ba sa ga maciji. Baba Kafinta, aminin marigayi, shi ke haɗa katako a ɗakin baya. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ke yanka soso da ɗinka yadi a ɗakin tsakiya. Ni kuwa ko zarto ban iya riƙewa ba. Suka sa mini suna Manaja, kuma daga yadda suke jan sunan ka san ba girmamawa ba ce.

Ƙofa ɗaya ce tsakanin ɗakunansu, amma tun kafin in zo suka daina magana, wai a kan fanka: ɗaya ya juya ta, garin katako ya bi yadin ɗayan. Da na zo sai suka samu ɗan aike.

Baba Kafinta zai ce, "Je ka gaya wa telan nan naka, in ya sake yanko mini soso mai kaurin katifa, a kansa zan ɗaure shi."

Ina tsallake ƙofa sai in gyara murya. "Kawu, Baba na gaishe ka. Ya ce soson nan ya yi kyau, ko za a ɗan rage shi."

"A rage kamar yaya?"

"Kaɗan dai."

Shi ma Kawu ba a bar shi a baya ba. "Ce masa ƙusoshinsa na yaga mini yadi. In ba ya gani ya sayi tabarau."

Sai in koma baya da fara'ata. "Baba, Kawu ya ce hannunka ba irin na yaran zamani ba ne. Ƙusa ce dai wani lokacin takan ɗan leƙo."

Baba Kafinta ya shafa gemu, ranar har fito na ji yana yi. Ni kuma kaina ya kumbura. Na gaya wa matata cewa ni ne gam ɗin da ke riƙe da shagon nan. Ta ce Allah ya sa ba jabu ba ne.

Ana haka wata likita ta ba mu aikin doguwar kujera ta ɗakin jiran marasa lafiya. Da kanta ta zaɓi yadin, wani kore mai duhu, kuma shi ke nan ragowarsa a shagon. Bayan an fara aiki ta bugo waya ta ce a ƙara mata tsawo. Na sanar da Baba Kafinta, ya ƙara, ya ce, "Gaya wa wancan na ƙara taku ɗaya da rabi. Kada ya yi mini ɗinkin ganin dama."

A hanya na tsaya cire ƙaya daga saƙon, ashe har awon na haɗa na zubar.

"Kawu, Baba ya ce kujerar likita ta ɗan ƙara girma, amma ƙwararre irinka ba sai an yi masa dogon bayani ba."

Kawu ya ji daɗi. Ya ƙara tafin hannu ɗaya, ya sa almakashi.

Ranar da za a sa wa kujerar riga, da safe aka cire mini haƙori. Na iso shago kunci a kumbure, baki cike da auduga, harshe kamar na aro. Na tarar da su tsaye a kan kujerar. Sun ja yadin ta nan, sun ja ta can, hannu ɗaya na kujerar tsirara, soso a waje.

"Manaja, tambaye shi me ya yi wa katakon nan," in ji Kawu.

"Manaja, tambaye shi ko da ido a rufe ya yi yanka," in ji Baba.

Na buɗe baki. Abin da ya fito ko akuya ba za ta amsa shi ba. Na gwada da hannu, na nuna wannan, na nuna wancan, na dafa ƙirji alamar a yi haƙuri. Kawu ya gaji da kallona, ya juya ya dubi Baba Kafinta ido cikin ido.

"Kai, nawa ka ƙara?"

"Taku ɗaya da rabi! Ba na aiko maka ba?"

"Cewa aka yi ta ɗan ƙara girma, kuma wai ka ce ni ƙwararre ne."

"Ni? Ko a mafarki!"

"To gaisuwar da kake aiko mini kullum fa?"

"Wace gaisuwa?" in ji Baba. "Tsaya. Ba kai ka ce hannuna ba irin na yaran zamani ba ne?"

"Cewa na yi ka sayi tabarau."

Fuskar Baba ta sauya. A hankali ya ce, "Har a gida na ba da labari."

Suka juyo gare ni tare. Na nuna kuncina. Ba wanda ya tausaya.

"Tabarau na me?" Baba ya tambaya daga baya.

Kawu ya shiga ɗakinsa ya kwaso ƙyallayen da suka yage, ya zube a ƙasa, sannan ya miƙa masa bayan hannunsa, duk tabon ƙusa. Baba ya riƙe hannun ya daɗe yana dubawa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Ta bakin Manaja."

Baba ya ɗauko guduma ya bi kujerar yana shafawa da yatsa, duk inda ya ji tsini ya doke. Suna zagin juna suna shawara. Kawu ya tuna da wata baƙar fata da ta rage daga wani aiki, suka farke ɗinkin, suka rufe hannuwan kujerar biyu da ita. Ni aka ba ni riƙon ƙusoshi. Da likita ta gani ta ce fatar ma ta fi, don za ta yi sauƙin gogewa, ta yaba mini da basira. Na karɓi yabon, tunda ba halin musu.

Da bakina ya warke na kira taro don inganta sadarwa a tsakanin ma'aikata. Na yi jawabi mai tsawo a kan fahimtar juna. Suka saurara har ƙarshe, sannan baki ɗaya suka yanke cewa daga yau kada in sake tsallake ƙofar nan da saƙon kowa. Aka mayar da ni gaba, wajen masu saye.

Yanzu shagon ba ya shiru. Daga teburina ina jin "inci huɗu na ce, kai tsoho!" da "to ka buɗe baki mana!" Aiki kuwa yana fita daidai.

Jiya wani mutum ya zo tambayar gadon kwanan da ya ba mu aikinsa. Na tarbe shi da murmushi, na ce ai an kusa, ɗan abin da ya rage ba yawa. Sai muryar Kawu ta fito daga ciki:

"Malam, ko fara shi ba a yi ba! Ka dawo wani mako."

Mutumin ya leƙa ta saman kaina ya ce, "Na gode, dattijo," ya tafi abinsa.