Macijiyar da Kalilu Ya Ƙera

Muna cikin ɗaga kan macijiyar, mu huɗu, tari ya sarƙe Kalilu. Ya saki ɓangarensa, ƙarfen ya faɗi ya fasa dandamalin ƙofar ɗaki. Da ya goge baki da hannun riga, na ga jini. Shi ma ya ga na gani.

"Malam Sabiru, kada Barakatu ta ji," in ji shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, shekara goma sha tara. Mai walda ne, ƙyamare da tagogi yake yi, har wani kwamitin ƙawata gari ya ba shi aikin ƙera macijiyar rijiyar Kusugu, a kafa ta a shataletale. Da wani ne, ya lanƙwasa bututu ya shafa fenti ya huta. Kalilu ya ce sai ya san yadda take. Ya yi ta zarya bakin rijiyar yana leƙawa, yana tambayar tsofaffi. Ya samo ƙashin mesa wurin wani mafarauci a Baure, ya zauna yana nazarin haƙarƙarin. Ya ce min abin da ya daɗe a duhu idonsa fari yake komawa, don haka fararen idanu zai sa mata.

Wata biyar tana ƙara tsawo a tsakar gidan, daga bakin zaure har gindin darbejiya. Ɓawon jikinta daga tsofaffin gangunan maganin feshi yake yanko shi, yana ƙonawa, hayaƙi mai ɗaci yana tsallakowa gidana. Mata suka rage shiga wurin matarsa Barakatu. Awaki ma suka ƙi ratsa wurin.

Limamin unguwa ya zo da kansa, ya ce siffar mai rai ba abin wasa ba ce, in ya zama dole ya bar ta ba kai. Kalilu ya durƙusa ya saurara har ƙarshe.

"Allah gafarta Malam, wadda aka sare wa kai kowa ya san ta. Wadda ta hana gari ruwa nake so su gani."

Bayan jinin nan na ja shi asibiti. Likita ya ce hayaƙi ya ci huhunsa, ya ajiye aiki. A hanya ya sake roƙona in rufa masa asiri, wai saura kwana goma ya gama aikin. Na rufa masa, washegari kuma na ji guduma.

Ranar Alhamis da hantsi gudumar ta tsaya. Barakatu ta kira sunana ta kan katanga, abin da ba ta taɓa yi ba. Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da cikin macijiyar, numfashi yana fita da ƙyar. Ya nemi ruwa. Ta kawo, ya riƙe kwanon bai sha ba.

"Ban sa mata idon ba," ya ce.

Kafin mota ta iso ya cika.

Bayan addu'ar bakwai 'yan kwamiti suka zo. Sai da suka yanka macijiyar gida uku kafin ta fita ta zaure. Barakatu tana tsaye cikin mayafin takaba, ta tambaye ni ko na san yana tarin jini. Na ce na sani. Ta dube ni, ta koma ɗaki.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe tsakar gidan. Inda ƙarfen ya kwanta ne kawai ba ta fito ba, wata siririyar hanya mai lanƙwasa, ƙasarta ja da tsatsa.