Rantsuwar Jabel

Mu uku mahaifiyarmu ta bari: Yaya Issufu, ni Suwaiba, sai autanmu Latifu. Yaya ne ya riƙe Latifu tun yana rarrafe, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. Duk Malanbil an sani, in ka hango ɗaya to ɗayan na biye. Abin da ya shiga tsakaninsu kuwa ba mace ba ce, ba gado ba ne. Yauƙi ne, irin wanda ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ta ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaya na da gidan ƙanƙara a bayan kasuwa. Inji na jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ya hau da shi tanki, ruwan ya bi ta matatar da ke tace shi, ya gangaro ta bututu ya cika wasu dogayen gwangwanaye, a nan yake daskarewa. Mu masu kifi da sassafe muke layi da bahunanmu, don kifin da za a kai Gene da Kandi ba ya isa lafiya sai da ƙanƙara. Latifu ke kula da ruwa da inji. Yaya kuma nasa ciniki ne da tsawa, ya kuma iya su duka biyun.

Wata bazara ƙanƙarar ta sauya hali. Da garau take fitowa, sai ta koma dishi-dishi, in ta narke ta bar santsi a hannu da wani wari kamar na tsumman wanke-wanke. Matatar ruwan ta riƙa toshewa, gwangwanaye ba sa cika da wuri. Kifinmu ya fara isa da ciki a ruɓe, dillalan Kandi suka fara yi mana magana mai zafi, mu kuma muka juye ta a kan Yaya. Ni ma ban raga masa ba don yana yayana.

Latifu ya hau tanki ya leƙa, ya tarar bangon ciki ya yi yauƙi. Ya zubar da ruwan, ya shiga da buroshi ya goge har fatar hannunsa ta saɓule. Yaya ya sawo jabel jarka-jarka, wannan ruwan wankin mai ƙone tufa, ya ce a zuba a kora cikin bututu. Aka yi. Ƙanƙara ta dawo garau, muka yi murna, ba a jima ba santsi ya sake dawowa. Aka kuma wankewa, ya kuma dawowa. Haka aka yi ta yi har damina ta faɗi.

Shi Yaya, a wurinsa bayan ikon Allah sai jabel. Ya yarda babu ƙazantar da ke haɗuwa da shi ta rayu. Sai ya zauna ya yi lissafinsa irin na masu taurin kai: in jabel ya shiga, yauƙi ya mutu, tunda yauƙi bai mutu ba, jabel bai shiga ba, in kuwa bai shiga ba, to akwai inda yake zuwa. Ana cikin haka wani mai shayi, Allah ya shirye shi, ya ce masa kullum ya bi ta ƙofar gidan Latifu yana jin warin jabel a shanyar matarsa Zuhura. To wace mace ce a Malanbil ba ta wanki da jabel? Amma mai neman kuka aka jefa da kashin awaki.

Ran da abin ya fashe muna layi, mata cike da ƙofa. Yaya ya ɗaga sandar ƙanƙara ya shafa, ya dubi tafin hannunsa, ya kira ƙanensa.

"Latifu, taho nan. Jabel ɗin da nis sawo, ina kak kai shi?"

"Cikin tanki niz zuba shi, Yaya. Kai ma ka ji warinai."

"Na ji wari. To mi yas sa yauƙin ga ya koma?"

"Wallahi ban sani ba. Na wanke, na goge, shina komowa."

"Ruwa ba shi tsami banza," in ji Yaya.

Na ajiye bahona na matsa. Na ce, "Yaya, ku shiga ciki mana, ga mutane."

"Ke ruhe muna baki," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Ya shiga ɗakin da yake karɓar baƙi, ya fito da Alƙur'ani a cikin gafakarsa. Ya ce wa Latifu, "In gaskiya kaka hwaɗi, yi alwalla ka dahwa."

A wurinmu baƙo ake sa wa ya dafa, ko abokin ciniki da aka rasa shaida a kansa. Ban taɓa jin an sa ɗan'uwa ciki ɗaya ba, balle a kan ruwan wanki, balle a gaban matan kasuwa. Latifu ya daɗe yana kallon yayansa. Ina tsammanin jira yake ya ji an ce wasa ne. Da bai ji ba, ya tsuguna a bakin famfo ya yi alwala da ruwan nan da ake rigima a kansa, ya zo ya ɗora hannu ya rantse bai taɓa karkatar da ko murfi ɗaya ba. Sannan ya ciro makullin ɗakin inji daga aljihu ya ajiye a kan benci.

"Na rantse, Yaya. Sai ka nemi wani mai riƙon amana."

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila mun gyara, don na fara zirga-zirga tsakanin gidajen biyu. Sai Latifu ya hau kabu-kabu zuwa Gene neman aiki, saniya ta gitta musu, ya faɗi ya karya hannu. Kafin mai ɗori ya gama ɗaure karan, gari ya ɗauka: rantsuwa ta kama shi. A kasuwa ake faɗa, a bakin kogi ake faɗa, har 'ya'yansa aka yi wa gori a makaranta. Yaya bai faɗa da bakinsa ba, wannan zan shaide shi. Amma bai ƙaryata ba, kuma bai je dubiya ba, sai ya aika da gaisuwa da ledar lemu. Hannun na fara warkewa Latifu ya kwashi Zuhura da yara suka haye kogi, suka koma Gaya da zama. Ni kaɗai na raka su bakin ruwa, na yi kuka har mai jirgi ya ba ni haƙuri.

Yaya ya karɓi aikin ruwa da kansa. Ya ninka jabel, har ƙanƙara ta riƙa warinsa, kifi ya riƙa warinsa, robobin famfo suka tsattsage. Ya yi ta yawo da fara'a kamar wanda ya kama ɓarawo. Sai wata safiya na ga ya shafa ƙanƙara ya tsaya yana kallon tafinsa. Daga ranar tsawa ta ragu, abinci ma ya rage ci. Ni kuwa na ƙi tausaya masa, na bar shi da abinsa.

Da ciniki ya kusa durƙushewa ya kira wani masanin injinan ruwa daga Paraku, ana ce masa Awal. Mutum ne marar gaggawa. Bai ko dubi jarkokin jabel ba, sai ya kama bin bututu da hannu tun daga tanki, yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Can bayan inji ya tsaya a wani reshe da ya rabu ya nutse cikin daɓe.

"Wannan ina yake zuwa?" ya tambaya.

"Ba shi zuwa ko'ina," in ji Yaya. "Tun ginin hwarko nis sa shi, don inji na biyu da nika son saye. Allah bai nuhwa ba, sai nit toshe bakinai, anka yi siminti bisa."

Awal ya sa aka fasa daɓen, ya yanke bututun da zarto. Ina tsaye da bahona, sai da na toshe hanci da gyale. Cikinsa ya cika da wani abu mai kauri, ruwan ƙasa, yana ja kamar miyar kuɓewa da ta kwana. Hanyar ruwan da ta rage ko ɗan yatsa ba zai shiga ba.

Ya yi mana bayani a hankali, yana haɗa Hausa da Dendi. Ya ce ƙwayoyin cuta ne ƙanana da ido ba ya gani, in suka samu ruwan da ba ya motsi sai su manne a bango, su fitar da wannan yauƙin su lulluɓe kansu da shi. Jabel na kashe na sama, na ƙasa suna kwance lafiya, shi ya sa sai an haɗa da gurza. Wannan reshen kuma da yake bakinsa a toshe yake, ruwan cikinsa ba ya fita, jabel ba ya shiga. Duk ran da aka wanke tanki da sauran bututu, daga nan iri ke fitowa ya sake bin gidan gaba ɗaya.

Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko da ana zuba jabel kullum?"

"Ko da mota guda za a juye, Alhaji. Sai an cire reshen nan."

Yaya ya zauna daɓas a kan fasasshen simintin da farar rigarsa. Na zo da magana cike da baki, na daɗe ina tara ta, amma da na ga fuskarsa sai ta maƙale. Ashe shi ma ya tsufa ban lura ba.

An cire reshen, an gurje sauran, ƙanƙara ta dawo garau har yau. Yaya ya tsaya a ƙofa gaban matan nan da aka yi abin a idonsu, ya ce ƙanensa bai ci amana ba, laifin bututunsa ne. Suka ce Allah sarki, suka karɓi ƙanƙararsu suka wuce. Sannan ya naɗe guntun bututun a buhu, ya ce in raka shi Gaya.

Tunda aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, a kwalekwale ake hayewa. Muka shiga tare da masu albasa, Yaya rungume da buhunsa har muka taka tudu. Mun sami Latifu a ƙofar gidan haya yana kwance injin ban-ruwa na wani manomi, da gyaran inji yake ci yanzu. Hannun ya ɗoru a karkace. Da ya gan mu ya miƙe, ya goge hannu, ya rusuna sosai.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Kun sha hanya."

Alhaji, yadda 'yan kasuwa ke kiransa. Na ga maganar ta daki Yaya, amma ya daure. Latifu ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, ya kawo ruwa mai sanyi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ladabi dai har ya yi yawa. Yaya ya fara kwance buhun.

"Ga abin da anka iske. Duba ka gani, ba kai na ba. Bututuna na."

Latifu ko kallon buhun bai yi ba. Ya ce, "Ai ni na san ban ɗauka ba, Alhaji. Ba ni ka bukatar ganin bututu ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ka yahe mini, Latifu."

"Na yahe tun ranar. Wallahi babu komi cikin raina."

"To tashi mu koma gida. Makullinka na nan inda kab bar shi."

"Nan ma gida na. Yara sun saba."

Na kasa haƙuri, na ce, "Kai Latifu, yayanka na hwa! Shi yar reno ka." Ya dube ni ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai ciwo, ya ce, "Na sani, Yaya Suwaiba. Shi yas sa nid dahwa da yac ce in dahwa."

Zuhura ta ja ni ɗakinta. Ta yanka kaza, ta yi tuwon shinkafa, ta zuba a kwanon da ake ajiyewa don manyan baƙi. Daga inda nake zaune ina hango zauren ta ƙofa. Latifu ya kai kwanon da kansa, ya ajiye gaban Yaya, ya zuba masa ruwa ya wanke hannu. Yaya ya matsa gefe ɗaya na tabarmar, ya buɗe kwanon, ya tura cinyar kazar ɗaya ɓangaren, yana jira. Tun Latifu na yaye ba su taɓa zama wuri ɗaya an raba musu kwano ba.

"Bisimilla, ku ci, Alhaji," in ji Latifu. "In kun ƙare sai ku yi magana a ɗauke."

Ya ja labulen zauren rabi kamar yadda ake yi wa baƙo don ya sake, ya koma waje. Jim kaɗan muka ji ƙarar sifana a jikin injin manomin.

Zuhura ta ce in ci, na ce to, amma na kasa kai loma. Ina kallon Yaya zaune shi kaɗai a gefen tabarma, hannunsa a wanke a ɗage, har ruwan ya bushe.