Tulunan da Tabarma ta Rufe

A tsohon shagon kakata Salamata da ke zangon Dapaong, in ka ɗaga kai za ka ga ƙusoshi a jikin azara, kowace da guntun igiya da ya yi baƙi. Tuluna aka taɓa ratayewa a nan.

Zamanin mulkin Faransa ne. Salamata tana sayar da atamfa da auduga, kuma wuta ta taɓa cinye mata rumfa ƙurmus. Da ta samu shago mai rufin kwano sai ta bi dabarar 'yan auduga: a cika tulu da ruwa, a rataye shi can sama da siririyar igiya. In wuta ta tashi igiyar ta ƙone, tulun ya faɗo ya fashe a kan kaya.

Ƙanenta Karimu, masaƙin tabarma a Sokodé, ya zo bikin buɗe shagon da tsaraba. Damina guda ya yi yana saƙa ta, tabarmar rufi ta kaba, ja da baƙi da ruwan ɗorawa, da babban tauraro a tsakiya irin wanda mahaifiyarsu ke yi wa faifai. Ya ɗaura ta ƙarƙashin azara, ta rufe kwano da tuluna gaba ɗaya. Shagon ya yi sanyi. Mata suka riƙa shigowa kallo kawai.

"Ina tulunana?" in ji Salamata.

"Suna sama, Yaya. Kunya suke ji, ba su da kyau."

"To in wuta ta zo, ta ina ruwan zai sauko?"

"Zai ratso mana. Tabarma ce fa."

"A gwada mu gani."

Tijjani mahauci, maƙwabcinsu, ya kawo tsani. Ya zura hannu ta gefe ya yanke igiya ɗaya da wuƙarsa. Kowa ya ja da baya. Aka ji tim, tabarmar ta yi ciki, ta ɗan yi lilo, ta tsaya. Tulun ya zauna a kai lafiya lau, ko ɗigo bai zubo ba.

"Kai Karimu!" Tijjani ya ce yana ƙyalƙyala dariya. "Ai goya shi ka yi."

Salamata ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon tauraron. Tulun da ya fi girma yana rataye bisansa, tarin audugar kuma yana ƙarƙashinsa daidai.

"A matsar da tulun gefe, Yaya," in ji Karimu a hankali.

"Daga auduga wutar ta fara wancan karon. Riƙe mini tsanin."

Ta karɓi wuƙar ta hau da kanta. Ta yanke tauraron zagaye har gindin tulun ya fito fili, sannan ta bi sauran tana hudawa ƙarƙashin kowane tulu. Gutsattsarin kaba suna zuba a kafaɗar Karimu, shi kuwa yana matsar mata da tsanin duk inda ta nuna.

Da ta sauko mata suka kewaye ta suna surutu. Karimu ya karkaɗe rigarsa, ya rataya jakarsa, ya fita ta ƙofar baya ya nufi inda motar Sokodé ke lodi.