Hular Tashen Mansur

Ni fa tun farko warin nan bai yi mini ba. Lokacin tashe ya zo, sai jikata Firdausi ta baje a tsakar gida da hantsi, da almakashi da wani tsohon kwali mai wari, wai tana yi wa ƙanenta Mansur hula. Doguwa mai tsini, ta manna mata takardun alewa, ta sa mata zaren ɗaurewa a haɓa. Abokinsa Chinonso, ɗan Okafor mai sayar da kayan babur, yana tsugune yana miƙa mata ƙaro.

Na ce, "Maigida, da wannan hular za ka zo mini zance? Na fasa auren."

"Oho dai, tsohuwa!" Ya fice da gudu.

Ɗan nema ya ƙi cire ta. Yini ya yi yana tsalle a rana, gumi ya jiƙa kwalin sharkaf, yana gangaro masa har baki. Bayan la'asar sai na ji tim a zaure. Na tarar da shi yana karkarwa, yawu na dalala, numfashi da ƙyar.

Maƙwabta suka cika gidan, wasu na cewa iska ce, a kawo hayaƙi. Ni dai na tsinke zaren na fizge hular. Nan warin ya buge ni sosai: maganin feshin gona ne na ubansu Lawal.

"Firdausi! Ina kika samo kwalin nan?"

"Bayan rumbu, Kaka."

Innalillahi! A cikinsa kwalbar maganin ta taɓa tsiyaya.

Lawal ya figi babur, ina baya rungume da yaron, ina kiran sunansa ba ya amsawa. A asibiti suka wanke shi, suka yi ta allura. Ina tsaye ina ta addu'a, har Allah ya sa ya buɗe ido. Wai, "Ina hulata?" Ja'iri!

Ban gama hamdala ba Firdausi ta iso, ta biyo mu a ƙasa, tana haki tana kuka. Ta kama gefen zanena.

"Kaka, kwalin babba ne. Biyu na yanka."

Chinonso ya tafi gida da tasa hular a kai tun azahar.

"Lawal!" na kurma ihu. "Tayar da babur!"