Kifin Inna Peigi

Shekara talatin ina bandar kifi a tsibirinmu na Uist, ko ɗaya bai taɓa lalacewa a hannuna ba. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san wuta. Na kuma san moina, ƙasar fadamar nan da muke yankowa kamar tubali, mu shanya, mu hura wuta da ita. Ta saman rami ja ce, sakayau, duk saiwar ciyawa, ba ta ci sai hayaƙi. Ta ƙasan rami baƙa ce ƙirin, tana ci kamar gawayi. Kowa a nan baƙar yake yabo. Ni jar nake nema, don kifi hayaƙi mai sanyi yake so.

Kifi goma sha takwas na rataye a ɗakin banda, manya, kuma ba nawa ba ne. Na Inna Peigi ne, tsohuwa mai shekara tamanin da ke zaune ita kaɗai a bakin gaɓa. Ɗanta ne ya kamo mata kafin ya koma aikin jirgin ruwa. Su ne mahaɗin dankalinta har sanyi ya wuce.

Kwana ɗaya da ratayewa aka aiko kawuna ya rasu a tsibirin Harris. Dole in hau jirgin fito. Matata Marsaili ba ta shiga hayaƙi saboda ƙirjinta, sai na kira ƙaninta Lachlann.

Na ce, "Tubali biyu in wuta ta yi ƙasa, daga tsibin jar moinar nan na bakin ƙofa. Ka ji?"

Ya ɗaga guda yana jinjinawa. "Yaya, wannan ai katifar kaza ce. Da ita kake ɗumama min 'yar'uwa?"

"Kai dai tubali biyu."

Na dawo ran Laraba da hantsi. Tun daga kan hanya na ji ƙamshin gasasshen kifi. Na tura ƙofa, zafi ya mare ni. A jikin ƙugiyoyi ba komai sai kawunan kifi da ƙaya. Tsokar ta dahu, ta saki, ta zube cikin toka. A ramin wuta kuwa baƙar moina ce ke ci jawur.

Sai ga Lachlann da baro, ya ciko shi, yana washe baki.

"Yaya, ya ƙarin haƙuri? Ka ga wuta ko? Daga tsibina na ɗebo, wadda na ɓoye wa tsakiyar sanyi. Baro huɗu! Kunya ta hana ni zuba wancan tarkacen."

Na ce, "Leƙa ciki, sarkin kyauta."

Ya leƙa. Ya sosa ƙeya. "To ai... ya nuna."

"Ya nuna! Abincin wata huɗu ka mayar na kwana biyu, ka ce min ya nuna? Kunnuwan nan naka na rataye hula ne?"

Marsaili ta fito tana goge hannu. "Baban Catriona, sassauta murya, maƙwabta na ji. Mutum ya kwaso maka mafi kyawun abin da ya mallaka, ko sannu babu?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da sata ya yi, da na san yadda zan yi da shi. Amma kafin rana ta raba, duk ƙauye ya ji Lachlann ya ba mijin yayarsa baƙar moina baro huɗu. Har wani ya tare ni a hanya yana cewa na yi dacen dangin mata.

Na sauke kifinmu na gida, wanda na yi wa banda tun watan jiya, guda goma sha ɗaya, na zuba a buhu na nufi bakin gaɓa. Inna Peigi ta saurare ni har na gama, ba ta ce in zauna ba.

"Kai na ba wa, Tormod, ko Lachlann?"

"Ni, Inna."

"To me ya kawo sunansa cikin ɗakina?"

Ta buɗe buhun, ta shinshina, ta ce in rataye mata a saman murhu tunda hannunta ba ya kaiwa. Ina saukowa daga kan kujera ta ce baɗi za ta kai wa Niall na ƙauyen gaba, shi an ce yana zama kusa da wutarsa. Niall! Mutumin da ke banda da ɓawon katakon akwati!

Na dawo gida. Marsaili ta tsince abin da toka ba ta taɓa ba, ta dafa da dankali. Lachlann na kan kujerata, ya tashi da faranti biyu. Ya miƙo na uku, ya ce wa yayarsa ta ƙara masa, amma wai gaskiya gishirin da na zuba wa kifin ya ɗan yi yawa.